Ƴan uwa a taimaka: kifin ras ɗina suna zuba ƙwai amma ban taɓa ganin ɗa ko ɗaya ba

Ɗan Jidda: Assalamu alaikum. Shekarata shida a Jidda. Wani maƙwabcina da zai koma ƙasarsu ya bar min akwatin gilashinsa na kifin teku, ban so karɓa ba don uwargida ta ce ɗakin ya yi mana kaɗan, har sai da yayana ya sa baki ta waya. A ciki akwai kifin ras (wrasse a Turance, wani kifin teku mai launi) guda biyu, irin masu nutsewa cikin yashi su kwana. Da na karɓe su kamarsu ɗaya, yanzu ɗayan ya ƙara girma, launinsa ya sauya. Kullum dab da magariba sai su yi sama tare da gudu, su saki wani abu kamar hayaƙi a ruwan. Da safe babu komai. Wata huɗu ke nan, kuɗin gishiri da abinci sun fara isata. Ina nake kuskure?

Mai Tarwada: Wa alaikumus salam. Ka yi wa macen allura ka matse ƙwan a roba, yadda muke yi wa tarwada. Ni damuwata ma abincin kifi, buhu ya gagari talaka, kududdufina biyu na rufe bana.

Malam na Fatakwal: Kul! Kifin da bai wuce tsawon yatsa ba za a matse? Ɗan Jidda, saurara. Da farko duk mata ne, babbar ce ta rikiɗe ta zama namiji, haka jinsinsu yake. Abin da ka gani ƙwai ne da maniyyi. Ƙwan bai kai milimita 1 ba, yawo yake a saman ruwa, famfon tacewarka ne ke shanye shi cikin dare. Ko ka kwashe shi ma, ƴaƴan bakinsu ƙanƙane ne ƙwarai, ba sa iya cin komai sai ƴaƴan wata mitsitsiyar halittar ruwa, kofifod, masu rai. Jami'ar Florida a Amurka sai a 2015 ta iya rainon ƴaƴan wani nau'in ras mai suna melanurus, duk da tana da ɗakin bincike sukutum. Ka koma kifin kilaun, mai ruwan lemo da ratsin fari: a jikin dutse yake manna ƙwai, namijin na gadi.

Ɗan Jidda: Na gode Malam, amma famfon ba zan kashe ba, wanda ya bar min ya ce ko minti ɗaya kada ya tsaya. Kuma waɗannan na shaƙu da su.

Hajiyar Zariya: Ɗana, akwatin yana da murfi? Ba ka faɗa ba. Nawa tsalle ya yi, da asuba na tsince shi bayan kujera ya bushe. Ranar ko karyawa ban yi ba. Ga rashin wuta da ya ƙarasa sauran.

Mai Tarwada: To ai na ji ana kiwon ras a Norway.

Malam na Fatakwal: Wancan balan ras ne, na ruwan sanyi, kamfanoni ke kiwonsa don ya cinye ƙwarƙwatar jikin kifin salmon. Ba sa'an naka ba ne. Kuma ban ce ka kashe famfo har safe ba. Lita nawa akwatin yake ci?

Ɗan Jidda: Ban auna ba. Hajiya, akwai raga a sama. Yau dai zan gwada kwashewa da rariyar shayi.

Malam na Fatakwal: Ta rariyar shayi ƙwan zai zurare. In ma ka kama, me za ka ba su?