Rigar Gulf mai shuɗi da ruwan goro: me ya haɗa kamfanin mai da tseren Le Mans?

Ɗan Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum. A makon jiya na sayi rigar sanyi a wurin 'yan gwanjo na Terminus, mai ratsin shuɗi da ruwan goro, da tambarin Gulf a ƙirji, an kuma rubuta Le Mans a ƙasansa. Na san Gulf kamfanin mai ne. Shin shi ne yake ƙera motocin tseren, ko kuwa sunansa kawai ake liƙawa? Ina roƙon iyayenmu masu sani su warware mini.

Tsohon Bakanike, Farin Gada:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kuɗi Gulf ya zuba, aikin kuwa na wani Baturen Ingila ne, John Wyer, wanda ya jagoranci Aston Martin har ta lashe Le Mans a 1959. Bayan Ford ya rufe sashen tserensa na garin Slough, sai Wyer da John Willment suka kafa JW Automotive, wani mataimakin shugaban Gulf mai suna Grady Davis, wanda shi ma ya mallaki motar tsere ta Ford GT40, ya samo musu kuɗin kamfanin tun daga 1967.

Abin da yake burge ni, ni da na tsufa a ƙarƙashin mota, shi ne shekarar 1969. Le Mans tseren awa 24 ne a Faransa, inda birki da giya suke yanke hukunci fiye da gudu. GT40 da ƙungiyar Wyer take amfani da ita ta riga ta zama tsohuwar yayi, motocin Porsche sun fi ta sauri, amma suka riƙa lalacewa ɗaya bayan ɗaya. A lokacin, idan za a fara tsere, direbobi da gudu suke tsallaka titi su faɗa mota, da yawa ba sa tsayawa ɗaura bel. Direban Wyer, Jacky Ickx, ya ƙi, ya taka a hankali, ya ɗaura bel ɗinsa, ya tashi a ƙarshen kowa. A zagayen farko wani direba, John Woolfe, ya rasu a haɗari. Washegari, bayan kusan kilomita 5,000, Ickx da Jackie Oliver suka riga Porsche ɗin Hans Herrmann da tazarar mita 120 ko makamancin haka. Kuma motar nan mai lamba 1075 ita ce dai ta ci a 1968 a hannun Pedro Rodríguez da Lucien Bianchi.

Malama daga Kubwa:
Baba ya yi bayani, Allah ya ƙara lafiya, sai dai akwai ɓangaren da masoya Gulf ba su cika son a taɓo ba. Porsche ya ga irin kayen da ya sha, sai ya damƙa wa Wyer motarsa 917 a 1970 da 1971. Motar tana da ƙarfi amma tana rawa a kan titi idan ta ɗauki gudu, har sai da injiniyan Wyer, John Horsman, ya sake fasalin bayanta da fallen alminiyom a wurin gwaji a Ostiriya. Sun ci tsere da dama, Porsche ya ɗauki kambun duniya a shekarun biyu, amma Le Mans ta kuɓuce wa ƙungiyar Wyer: ƙungiyar Porsche Salzburg ta ci a 1970, ta Martini kuma a 1971. A ganina, wannan ya ɗan rage wa zamanin 917 armashi a tarihin Gulf.

Ɗan Unguwar Rogo:
Na gode, Baba da Malama. Ke nan daga 1969 ba su sake cin Le Mans ba?

Tsohon Bakanike, Farin Gada:
Sun sake, ɗana, a 1975, da motar da suka ƙera da kansu, Mirage GR8, mai injin Cosworth, Ickx da Derek Bell suna tuƙi. Bayan nan ne Gulf ya janye kuɗinsa, aka sayar da ƙungiyar ga wani Ba'amurke, Harley Cluxton, wanda ya ci gaba da kai motocin Le Mans da sunayen wasu kamfanoni a jikinsu.