Hutun kwana biyar a tsibiri: Zanzibar ko Morishus?

Baban Khalifa: Slm jama'ar zaure, barkanmu da dare. Don Allah shawara nake nema, na samu hutun kwana biyar a ofis cikin watan Agusta kuma na yi wa Hajiya alkawarin fita da ita tun bara, ita teku take son gani da kasuwa ni kuma kun san ciwona, in ban riƙe sandar golf na kwana uku ba jikina ba ya min daɗi. Wane tsibiri ne za mu je kowa ya samu nasa?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Yallaɓai Morishus kawai, ka rufe ido ka tafi. Akwai filin Île aux Cerfs, rami 18, shi kansa a wani ɗan tsibiri yake daban sai an ɗauke ka a jirgin ruwa kai da jakarka, shahararren ɗan wasan golf Bernhard Langer ne ya zana shi. Kusa da shi ga filin Anahita da wani ɗan wasan, Ernie Els, ya zana. Mu da muka saba da filinmu na nan Kaduna lokacin rani ƙwallo na gudu a busasshiyar ƙasa kamar an kore ta, can ciyawa riƙe ƙwallo take yi, ranar farko sai da na ji kunya wlh. Ka tafi da ƙwallaye da yawa, ni bakwai ruwa ya cinye min a zagaye ɗaya.

Barista: Bakwai ka faɗa mana a nan, a kulob ka ce huɗu 😂

Injiniya: Barista ka bar tone-tone da daren nan.

Maman Iman: Ni dai bari in yi magana a madadin Hajiyar tunda ba ta cikin zauren. Duk maganar rami kuke yi. Injiniya kwana nawa ka yi a can?

Injiniya: Tara Anti.

Maman Iman: To ka ji. Shi biyar gare shi, kuma biyar ɗin har da hanya. Ku lissafa mana, jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, a wuce filin jirgi, in ta Nairobi ne sai an fara sauka Legas, Legas zuwa Nairobi awa biyar, a zauna jira, sannan wata awa huɗu a kan teku, ga agogonsu ya riga namu da awa uku. Kwana ɗaya ya tafi a zuwa ɗaya a dawowa. Ukun da suka rage in ya ba golf biyu me ya rage wa baiwar Allah? Zanzibar za ku je Baban Khalifa. Jirgin Ethiopian daga Abuja zuwa Addis, daga can kamar awa uku kun sauka, kuma garin musulmi ne, kiran sallah za ka ji ta ko'ina, ba ka tsayawa tambayar wa ya yanka naman nan.

Injiniya: Anti a yi adalci, Morishus ma akwai musulmi sosai, na yi Juma'a a babban masallacin Port Louis, tsohon gini ne tun wajen 1850 da wani abu, kuma abincin halal ba wahala. Ga Chamarel inda ƙasa take launi bakwai, ga dutsen Le Morne inda bayi da suka gudu suke ɓuya. Sai dai gaskiya filayen da na faɗa suna gabas ne, Chamarel kuma kudu maso yamma, ya fi awa guda a mota kuma hannun hagu suke tuƙi.

Baban Khalifa: To Zanzibar ɗin akwai filin golf kuwa? Kar in je in ɓige da kallon kwakwa.

Kanal: Akwai, na buga. Na otal ɗin Sea Cliff ne a Mangapwani, arewa da Stone Town, tsohon birnin Zanzibar, kaɗan. Rami 9 ne, in kana son 18 sai ka zagaya sau biyu. Ba zan yi maka ƙarya ba, bai kama ƙafar na Morishus ba, amma ramin ƙarshe a bakin teku yake kuma iskar wurin kaɗai ta ishe ka jarrabawa. Ka fita da an idar da asuba, kafin ƙarfe goma ka gama ka yi wanka, sauran yinin na Hajiya ne. Haka na yi da tawa aka rabu lafiya.

Maman Iman: Yauwa Kanal, Allah ya ƙara girma. Stone Town kuma a ƙafa ake yawonsa, lunguna ne matsattsu kamar cikin birnin Zariya, mota ba ta shiga, ga ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla manya manya, Hajiya za ta cika waya da hoto. Da magariba ku je Forodhani bakin ruwa, nan ake baje gasasshen kifi da ruwan rake da ake matsewa a gabanka da citta da lemun tsami, amma ku tambayi kuɗi kafin a zuba muku a faranti, ni na yi sakaci wani ya caje ni kuɗin da ya isa cefanen kwana biyu. Abin da ya fi burge ni gonar kayan ƙamshi ce. Shekara nawa ina jefa kanumfari a kunun aya da zoɓo ban taɓa sanin ɗan furen bishiya ba ne da ake tsinkewa kafin ya buɗe, ɗanyensa ja-ja, sai an shanya a tabarma yake yin baƙi. Yaron da ke zagayawa da mu ya kankaro ɓawon wata bishiya ya ce shinshina, ashe kirfa ce. Na dawo da kilo biyu na kanumfari har yau ban sayi na Kasuwar Barci ba.

Barista: Kuma yarensu ba zai ba ku wuya can can ba, sabulu sabuni, labari habari, Alhamis Alhamisi. Amma ga inda gizo ke saƙar, mai fasfo ɗin Najeriya ba a buga masa bizar Tanzaniya (Zanzibar cikinta take) a filin jirgi, sai ka nema tun daga gida ta intanet ka jira a amince, kuma tana iya ɗaukar makonni. Kar ka biya kuɗin otal wanda ba a mayarwa sai ta fito. Sannan tun Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorarta, dala 44 kowane mutum, ko da kana da wata. Katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa shi ma ku duba naku.

Baban Khalifa: Tirƙashi. To yau saura wata biyu da 'yan kwanaki, zai isa?

Barista: In ka cike gobe in sha Allah. In ka tsaya sai bayan albashi ba ruwana.

Kanal: Agusta lokaci ne mai kyau, ruwansu mai yawa daga Maris zuwa Mayu yake. Shawara ɗaya, kar ka ɗauki sandunanka. Ni na ɗauka, wani kamfanin jirgi ya bar min jakar a hanya, ta iso ana gobe za mu dawo, na biya kuɗin kaya a banza ga kan sanda ɗaya da ake kira direba ya tsage. Ka sa safar hannunka da takalmi da ƙwallaye a akwati, sanduna ka yi haya a can, amma ka tura musu saƙo tun yanzu tunda kai bahago ne.

Injiniya: Af, na manta bahago ne 😂 to ko ina za shi sai ya tambaya. Na sallama, ku je Zanzibar ɗin, Morishus ka bari sai ka samu sati guda cur mu tafi tare in rama bakwai ɗina.

Maman Iman: Kuma ku tsallaka tsibirin Changuu a kwalekwale ku ga manyan kunkuru, wasu sun haura shekara ɗari, minti talatin ne daga Stone Town. A ce wa Hajiya ta sa takalmi mara tsini, a ruwa ake taka ƙafa wajen shiga.

Baban Khalifa: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na karanta mata duka, ta ce Maman Iman ta turo mata lambarta akwai maganar kanumfari. Barista gobe bayan azahar zan shigo ofishinka da fasfo biyun mu cike tare.

Barista: Ka taho da hoton fasfo mai farin baya, kuma ka duba nata bai kusa ƙarewa ba, wata shida suke so ya rage.