Kod ɗin F ya ƙi fita tsaf a gita

Assalamu alaikum, 'yan'uwa makaɗa. Idan na zo buga kod ɗin F (kod shi ne sautukan da ake kaɗawa tare), na kwantar da manuniya a kan duka tsirkiya shida a gaɓa ta 1 ta wuyan gitar, tsirkiya ta 2 sai ta toshe, ba ƙara sam. Na karkata yatsan zuwa gefensa mai ƙashi, na matsa dab da ƙarfen da ke raba gaɓoɓin, babban yatsa na tsakiyar bayan wuyan gitar. A gaɓa ta 5 komai ras yake fita. Wajen sauyawa daga kod ɗin C zuwa F kuma, bugu 60 a minti lafiya lau, a 80 sai ya wargaje.

Shin tsirkiyoyin ne suka ɗaga sama da yawa wajen kan gitar? In rage kaurin tsirkiyoyin daga lamba 12 zuwa 10, ko akwai atisayen da zai gyara?