Shiga ƙungiyar ma'auni ya isa ya kare kamfani daga ƙarar fatent?

Bashir_Lantarki:
Salamu alaikum. Idan kamfani ya shiga ƙungiyar da ke tsara ma'aunin kayan lantarki, irin USB-IF (ta USB) ko JEDEC (ta memori da sauran cif), ya samu izinin amfani da fatent (haƙƙin mallakar ƙirƙira) na duk mambobi ke nan? In haka ne, me ya sa manyan kamfanoni ke sake ƙulla musayar lasisi tsakaninsu, wato kowa ya ba ɗan'uwansa izinin amfani da fatent ɗinsa?

Injiniya Hadiza:
Wa alaikumus salam. A'a, Malam Bashir, abu biyu ne daban. Alkawarin ƙungiya ya tsaya ne a kan fatent ɗin da ba yadda za a yi a bi ma'aunin ba tare da an taɓa shi ba. Dabarar ƙera cif, ko hanyar rage cin wuta, ba sa ciki.

Kuma kowace ƙungiya da nata sharaɗin. A USB, sai ka sa hannu a yarjejeniyar masu amfani da ma'aunin kafin ka samu lasisi kyauta, kai ma ka buɗe naka kyauta. Biyan kuɗin mamba kawai bai wadatar ba. A JEDEC kuwa alkawarin RAND ne, wato a ba ka lasisi a farashi mai ma'ana ba tare da nuna bambanci ba, amma ciniki tsakaninka ne da mai fatent. HDMI, ma'aunin wayar da ke kai hoto da sauti zuwa talabijin, ta yanke farashinta: dala 10,000 a shekara, da santi 15 a kan kowace na'ura, ya sauko santi 5 in ka sa tambarinsu, santi 4 in ka haɗa da HDCP, wato tsarin hana kwafar bidiyo.

Malam Auwal:
Ƙari a kan bayanin Injiniya, alkawarin mambobi kaɗai yake ɗaurewa, nan ne ake yawan faɗawa rami. Kamfanin Rambus ya kafa misali: Rambus ta zauna a tarukan JEDEC lokacin da ake tsara ma'aunin memorin kwamfuta na SDRAM, ta fice a 1996, daga 2000 ta fara maka masu ƙera memori a kotu a kan fatent ɗinta. Hukumar FTC ta Amurka, mai sa ido kan gasar kasuwanci, ta same ta da laifi a 2006, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2008. Dell kuwa mamba ce a VESA, wata ƙungiyar ma'auni, kuma wakilinta ya sa hannu cewa ba su da fatent a kan ma'auninta na VL-bus, daga baya suka zo neman haƙƙi. A 1996 dole suka haƙura da shi. Don haka a binciki fatent ɗin waɗanda ba mambobi ba tun kafin a kammala zanen allon lantarki na na'urar.

Zainab_K:
Malam Bashir, amsar tambayarka ta biyu: musayar lasisi tana rufe abin da ƙungiya ta bari a buɗe. Kowane ɓangare ya kawo tarin fatent ɗinsa, a auna, wanda nasa ya gaza ya cika da kuɗi. Intel da AMD sun sabunta tasu a 2009, a sulhun da Intel ta biya dala biliyan 1.25. A karanta wurare uku da kyau: fatent na waɗanne shekaru aka rufe, waɗanne kayayyaki, da abin da zai faru in an sayar da kamfanin, domin a yarjejeniyar Intel da AMD sauyin mai kamfani yana kashe lasisin. Ƙaramin kamfani da ba shi da fatent na musaya, ya nemi mai sayar masa da cif ya rubuta a kwantiragi cewa shi zai ɗauki nauyin duk ƙarar da ta taso a kan cif ɗin.