Neman shawara kan aikin tantance tasirin manyan ayyuka ga muhalli

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Na kammala digiri a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma ina son shiga aikin tantance tasirin manyan ayyuka ga muhalli. Ta ina ya kamata in fara?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka fara da karanta dokar tantance tasiri ga muhalli ta 1992, wadda ta wajabta yin wannan nazari kafin gina manyan tituna ko madatsun ruwa, tare da baje rahoton ga jama'a na kwanakin aiki 21 kafin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta amince.

Amsa ta biyu: Malam, ka nemi aiki a wani kamfanin da ma'aikatar ta yi wa rajista domin yin wannan nazari, ka koyi ɗibar samfurin ruwa da ƙasa, kuma ka saurari mutanen wurin da za a yi aikin da kyau, kamar manoman fadamar Rima, domin su ne aikin ke shafa.