Zan kai Baba gidan tarihin motoci a Jamus, ina neman shawara

Autan Zaure: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Baba zai zo wurina nan Jamus ƙarshen wata. Kun san fiye da shekara talatin ya yi yana jan Marsandi 911 mai bodin katako, Kano zuwa Legas, wani zubin har Maraɗi. Na tambaye shi abin da yake son gani, bai ce kasuwa ba, bai ce dogayen benaye ba, cewa ya yi in kai shi garin da aka haifi Marsandi. Asabar da Lahadi kaɗai nake da su. Na ga gidan tarihin Marsandi da na Porsche duk a Stuttgart suke. In haɗa su rana ɗaya? Gwiwarsa tana ɗan matsa masa.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Auta, kar ka kuskura ka haɗa. Na Marsandi shi kaɗai hawa tara ne, motoci sama da 160. Ni da ƙafata lafiya lau awa huɗu na yi, kuma hawa biyun ƙarshe a guje na wuce su don ƙafar ta daina ɗaukata. Tsarin ginin zai taimaki dattijo dai: ana sa ku a lif a kai ku can ƙololuwa, daga nan ku yi ta gangarowa a hankali kuna kewayawa har ƙasa. Ba hawa, sai sauka. Ƙofar lif na buɗewa abin da za ku fara cin karo da shi ba mota ba ce, doki ne a tsaye. Wato daga nan aka taso.

Maman Hanif: Dokin nan ya ba ni dariya ranar da muka je da yara. Hanif cewa ya yi mun yi ɓatan hanya. Auta, ka tambayi keken tura marasa lafiya a wajen yankan tikiti, ko da Baba zai ce shi ba ya so. Dattawanmu ka san su, sai ya yi awa biyu a tsaye kafin ya yarda ya gaji. Kuma ku isa da safe ana buɗewa. Litinin a rufe suke, su da na Porsche duka, idan ranakunka sun canza.

Ɗan Kakuri: Ni fa ban ga abin da aka maƙale wa Marsandi ba. Ka tsallaka da shi Faransa, Sochaux, gidan tarihin Fijo. Bizar da ta shigo da shi Jamus ita za ta kai shi can. Wace mota ce ta yi wa Arewa bauta kamar 504? Tasi ita, motar gwamnati ita, kai amarya ita, akori-kura ita. A 1975 aka fara haɗa Fijo a unguwarmu ta Kakuri a Kaduna, mahaifina a layin fenti ya yi aiki.

Baba Direba: Ɗan Kakuri, yaro ya ce maka ubansa 911 ya ja. Mai babbar mota ba ya kallon Fijo a matsayin mota, ƙanwar mota ce.

Ɗan Kakuri: Allah ya huci zuciyarka Baba. Amma ƙanwar nan ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1975.

Injiniya: Ku bari mu gama da Stuttgart tukuna. Auta, akwai na'urar da ake saƙalawa a kunne tana bayani, da Turanci da Faransanci da wasu harsuna, amma babu Hausa. Kai ne tafintan Baba, don haka ka shiga da labarin a kanka. Ga abin da zan so ka riƙe a zauren farko.

Mai ƙafa ukun da za ku gani ta Carl Benz ce. Ranar 29 ga Janairu 1886 ya shigar da takardar mallakar ƙirarta, shi ya sa ake ɗaukar ranar a matsayin ranar haihuwar mota. Silinda ɗaya ce, ƙarfinta bai kai na doki ɗaya ba, gudunta kamar kilomita 16 a awa. Ba sitiyari irin namu, wani ɗan hannu ne ake murɗawa. Ta Stuttgart kwafi ce, ta asalin tana Munich, shi Benz ɗin da kansa ya ba da ita can a 1906. A Mannheim ya yi aikinsa. A daidai wannan lokaci Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suna nan Cannstatt, unguwar da gidan tarihin yake, suna nasu injin, suka ɗora shi a kan keken doki. Kowa da kamfaninsa, kishiyoyi ne ma. Sai 1926 kamfanonin biyu suka haɗe, lokacin Daimler ya shekara 26 a ƙasa.

Sunan kuma na wata yarinya ne. Wani attajiri dillalin motocin Daimler, Emil Jellinek, shi ya matsa a ƙera masa mota mai dogon jiki, ƙasa-ƙasa, mai ƙarfi, ya laƙaba mata sunan 'yarsa Mercédès. Ita ce ta 1901 mai ƙarfin doki 35. Ka tsayar da Baba a gaban irinta ya kwatanta da na gabanta. Waɗancan keken doki ne da aka cire wa doki, wannan kuwa da ka gani ka san mota ce.

Maman Hanif: Injiniya ka tsallake mace, kamar yadda kuka saba. Motar Benz zaune take ba mai saye, mutane na tsoronta. A watan Agusta 1888 matarsa Bertha ta tashi da asuba, ta ɗauki 'ya'yanta maza biyu, ba ta faɗa wa maigidan ba, ta ja motar daga Mannheim zuwa Pforzheim garin mahaifiyarta, sama da kilomita ɗari. Ba gidan mai a duniya a lokacin. A kemis na garin Wiesloch ta sayi wani ruwan goge tabo ta zuba mata. Bututun mai ya toshe ta zura tsinken hularta, waya ta goge ta naɗe da igiyar safarta, katakon birki ya cinye ta sa baduku ya buga masa fata. A hawan tudu yaran suka sauka suna turi, shi ya sa da ta dawo aka ƙara wa motar giyar hawa.

Baba Direba: To wannan ai direba ce. Wanda bai taɓa ɗaure mota da igiya a daji ba bai fara tuƙi ba. Mu da sabulu muke liƙe tankin da ya tsage, lagireto kuma a zuba masa garin taba ko barkono ya kai ka gari.

Autan Zaure: Wannan labarin Baba zai so shi. Amma 911 fa? Zai ga irin tasa?

Injiniya: Yauwa, abin da nake son zuwa kenan. Hanyoyin gangarowa biyu ne suke nannaɗe da juna. Ɗaya tana bin tarihi shekara bayan shekara, ɗayar kuma tana ratsa zauruka masu tagogi inda aka tara motoci bisa aikinsu: na ɗaukar kaya, na fasinja, na agaji kamar kwana-kwana, na manyan mutane. Yawancin baƙi hanyar tarihi suke bi su manta da ta biyun. Ku ta biyun ce taku. A zauren motocin fasinja akwai wata bas daga Buenos Aires ta ƙasar Ajantina, mai gajeren hanci zagayayye, dangin 911 ce sak, an yi mata ado da fenti da zane kamar yadda ake yi wa namu. Ni da na gan ta sai da na leƙa bayanta ko zan ga an rubuta "Haƙuri maganin zaman duniya". Idan kuma ya tambayi inda ake haɗa manyan motoci yanzu, a Wörth ne kusa da Karlsruhe, ba a Stuttgart ba. Ziyarar cikin masana'anta sai an yi rajista tun da wuri, ba a faɗa musu haka kawai.

Ɗan Damagaram: Irin masu hancin nan har yanzu suna aiki a wajenmu. Duk wanda ya ga yadda ake loda su daga Agadas zuwa Dirku, kaya har ba a ganin bodi, mutane a sama, jarkoki na reto a gefe, zai ce su Jamusawan ya kamata su zo kallo. Mu a Yamai abin da muka adana a gidan tarihi ɓarnar mota ce. Itaciyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai a sahara ba wata bishiya kusa da ita tsawon ɗaruruwan kilomita, wani direban babbar mota ya banke ta a 1973. Gangar jikinta tana gidan tarihin Bubu Hama.

Baba Direba: Duk faɗin sahara. Allah ya shirye mu.

Malamin Tarihi: Auta, in ƙara abu ɗaya da ba kowa ke tsayawa a kai ba. A bangon gangaren da ke haɗa hawa da hawa akwai hotuna da bayanin abin da duniya take ciki a kowane zamani. Idan kun zo shekarun Hitler kar ka ja Baba ku wuce. Kamfanin ya ƙera injinan jiragen yaƙi da motocin soja, kuma su da kansu sun rubuta cewa a 1944 kusan rabin ma'aikatansu mutanen da aka tilasta ne, fursunonin yaƙi da waɗanda aka kwaso daga sansanonin gwale-gwale. Gidan tarihin kamfani talla ne, kowa ya sani, kayansa yake yabo. Amma na ga ƙoƙarinsu da ba su share wannan ba. Haka a wajen motocin tsere masu ruwan azurfa, ka tuna haɗarin gasar tseren Le Mans ta Faransa a 1955, inda motarsu ta tashi ta faɗa cikin 'yan kallo, sama da mutum 80 suka mutu. Ƙarshen shekarar suka janye daga tsere, suka daɗe ba su koma ba.

Injiniya: Gaskiya ne Malam. Tunda an zo 1955, akwai Marsandi 300 SLR mai rufi, guda biyu kacal aka yi. A 2022 aka yi gwanjon ɗaya a cikin ginin nan, Yuro miliyan 135. Kar ka juya wa Baba kuɗin zuwa Naira yana tsaye, ka bari ya zauna.

Ɗan Kakuri: To ku ji, ko shi Porsche ɗin da kuke zuzutawa sai da ya rusuna wa Fijo. Motarsu da ake kira 911, sunanta na farko 901. Fijo ta ce lamba uku mai sifili a tsakiya tata ce a Faransa, dole suka canza a 1964. Auta, in ka samu hutu na gaba ka je Sochaux. Za ka ga zarto da injin niƙa kofi da na masoro da kekuna, don da su gidan Fijo ya fara tun ba a san mota ba. Zakin tambarin Fijo ma a jikin zarto aka fara buga shi. A hanya ka tsaya Mulhouse, bai kai awa ɗaya ba tsakaninsu. Wasu 'yan'uwa biyu masu masaƙa, su Schlumpf, suka yi ta tara tsofaffin motoci a ɓoye, Bugatti kamar ba gobe, har masaƙar ta durƙushe. A 1977 ma'aikatan da aka bari a rana suka kutsa cikin ginin suka tarar da ɗaruruwan motoci a jere suna ƙyalli. Yanzu gidan tarihi ne, motoci sama da 400. Ni ɗan Kakuri, da na ji labarin masaƙa ta mutu, jikina ya yi sanyi.

Maman Hanif: Na Porsche ƙarami ne, motoci wajen 80, awa biyu ta isa. Amma in ka tambaye ni, ba na Baba ba ne, kusan duk na gudu ne. Lahadi gara ka kai shi lambun Cannstatt, akwai ɗan ɗakin shuke-shuken da Daimler ya mayar garejinsa, ba a biyan ko sisi. An ce saboda ƙwanƙwasar dare har 'yan sanda aka kira musu, ana zaton jabun kuɗi suke bugawa. Mutumin da ya yi rayuwarsa tsakanin gareji da tasha zai fi jin daɗin ɗakin nan.

Abinci kuma ka kula. Akwai wani abincinsu na yankin mai kama da ɗan wake babba da aka cusa wa nama, Maultaschen, sau da yawa da naman alade a ciki. Shagunan Turkawa suna da yawa a Cannstatt, kuma akwai babban masallacinsu a Feuerbach, hanyar Porsche.

Malamin Tarihi: In ya dawo gida ta Legas, ka ce wa mai tarbarsa ya biya da shi gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan. Baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana nan da ramukan harsashi. Ita kaɗai ce motar da na taɓa ganin mutane sun yi shiru a gabanta. Sauran namu kuwa, Fijo 404, Bedford, kiya-kiya, duk 'yan gwangwan sun auna a sikeli.

Baba Direba: Tawa ma haka ta tafi. Na riƙe tauraron gabanta dai, yana cikin akwati.

Autan Zaure: Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na tsayar: Asabar Marsandi tun buɗewa, Lahadi garejin Daimler, in gwiwa ta yarda mu leƙa Porsche. Yaya Ɗan Kakuri a yi mini afuwa, Fijo sai hutun bazara. Wane jirgin ƙasa zan hau daga babbar tasha?

Injiniya: S1, ka sauka Neckarpark, akwai 'yar tafiyar ƙafa, ku yi ta a hankali. Ka duba ko VfB Stuttgart na da wasa a gida ranar, filin ƙwallonsu maƙwabcin gidan tarihin ne, in an tashi ba za ka so dattijo a cikin turmutsutsun ba. Na Porsche kuma S6, tashar tana bakin ƙofarsu.

Baba Direba: Ka gaishe shi, ka ce abokin aikinsa na hanyar Jebba na gaisuwa. In kun isa wajen mai gajeren hancin nan ka ɗauko mana hotonsa a gefenta.