Ranar da ƙuri'arku ta sauke mai mulki, kuna ina?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina ya ce shi ba zai je karɓar katin zaɓe ba, wai ƙuri'a ba ta taɓa sauke wanda ke kan kujera. Ban ga laifinsa ba, yana firamare a 2015. Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya ga abin da idonsa ya ba da nasa labarin, in kai masa ya karanta.

Nawa dai na ranar Asabar ne, 28 ga Maris 2015. Da ma an ɗage zaɓen daga 14 ga Fabrairu, mako shida mutane na dako. Daga sallar asuba muka wuce rumfar zaɓe. A gabana akwai wani dattijo maƙeri da na'urar tantancewa ta ƙi karanta yatsansa, guduma ta cinye zanen. Ya goga a riga, ya wanke da ruwan leda, duk a banza. Ya nemi dutse ya zauna, ya ce ko dare zai raba yana nan. Sai bayan la'asar aka cike masa takarda ya dangwala. Da fitilun wayoyinmu aka yi ƙirga, 'yar bautar ƙasa na ɗaga takarda muna amsawa baki ɗaya. Ranar Talata, 31 ga wata, ana tsaka da tattara sakamako a gaban Farfesa Jega, shugaban hukumar zaɓe na lokacin, muka ji a rediyo cewa Jonathan ya kira Buhari ya taya shi murna. Wallahi sai da na zauna a ƙasa, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata.

Malami mai ritaya:
Ɗana, ka faɗa wa ƙaninka Kano ta riga ƙasa yin wannan. A 2003 Kwankwaso na kan kujerar gwamna, Malam Shekarau ya kayar da shi. Ni ejan ne a akwatinmu, a ƙafa muka raka sakamako har mazaɓa. A 2011 kuma mutanen nan dai, a layukan nan dai, suka dawo da Kwankwaso. Na zaɓi wanda ya ci, na zaɓi wanda ya faɗi, kuma duka biyun na kwana da sanin cewa an ƙirga tawa.

Maman Hanifa, Gusau:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Tawa ta 18 ga Maris 2023 ce, ana saura kwana kaɗan azumi, ga wahalar takardun kuɗi, ko na cefane sai an sha layi. Da goyo na je. Wata mata ta bi layinmu tana raba taliya da sabulu, tana raɗa mana inda za mu dangwala. Ban karɓa ba, amma ban ga baƙin waɗanda suka karɓa ba, na san abin da ke tukunyarsu. Abin da ya tsaya min a rai shi ne maƙwabciyata, wadda aka raba da ƙauyensu saboda 'yan bindiga. Katinta na can, rumfarta na can, ba hanyar zuwa. Ta riƙe min yarinya ta ce, Yaya, ki yi mana mu biyu. Da aka sanar Dauda Lawal ya kayar da gwamna Matawalle, ita ta fara shigowa gidana, ko mayafi babu.

Ɗan Zangon Kumasi:
Mu nan Ghana abin ya zama jiki. 7 ga Disamba 2016 muka sauke shugaba Mahama bayan shekarun ɗauke wuta da muke kira dumsor, ni tela ne, na san kwanakin da keke ya yi shiru. 7 ga Disamba 2024 muka dawo da shi, abokin takararsa Bawumia kuma ya amsa kaye washegari tun kafin hukumar zaɓe ta gama sanarwa.

Direban Kaduna:
Ni fa na yi wancan layin na 2015, kuma abin da na sa rai ban same shi ba. Har yau abin na min ciwo, kada a ɓoye wa yaron wannan.

Malami mai ritaya:
Gaskiyarka, kada a ɓoye. Amma katin naka yana nan?

Direban Kaduna:
Yana nan Baba, cikin lasisina.

Bamaraɗe:
Ina karanta ku ina jin wani abu a ƙirji. A Nijar ba mu taɓa sauke shugaba mai ci da ƙuri'a ba. Mahamane Ousmane soja suka cire shi a 1996, Tandja a 2010, Bazoum a 26 ga Yuli 2023. A 2021 na yi layi a makarantar unguwarmu, tawada ta yi kwanaki a yatsana. Ko na ji daɗin mulkin ko ban ji ba, so na yi a bar ni in koma layin nan in faɗa da hannuna. Ɗan Fagge, ka gaida min ƙanin naka, ka ce wani yayansa a Maraɗi ya ce ya je ya karɓo katin.

Ɗan Fagge:
Zai ji, Yaya. Ranar Litinin da kaina zan ɗauke shi a babur.